Da Wane Mudu Muke Auna Firamaren Unguwarmu?

A duk lokacin da aka doshi buɗe sabuwar shekarar karatu, akwai tambayar da ba ta rabuwa da ƙofar masallaci. Bayan an sallame sallar Asuba ko ta Isha'i, sai magidanci ya matso kusa da liman, ya sassauta murya ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, yaron nan ya isa shiga aji ɗaya. In kai shi firamaren gwamnati ta bayan kasuwa, ko in ƙuƙuta in sa shi a ta kuɗi?" Kafin liman ya buɗe baki, galibi wani daga gefe ya riga ya yanke hukunci: "Ai makarantar gwamnati ta daɗe da mutuwa." Idan aka tambayi mai wannan hukunci yaushe rabonsa da shiga harabar makarantar, sai a tarar ko dai bai taɓa shiga ba, ko kuma ranar zaɓe ce ta kai shi, ya jefa ƙuri'arsa ya fito.

Wannan magana da ake yi a tsaitsaye tana da nauyi a rayuwar gidaje. Saboda ita, wani uban yana cin bashi zango uku a shekara domin ya biya kuɗin makarantar da ba ta fi wadda ya guda da komai ba sai fenti. Saboda ita kuma, wani yana fid da rai gaba ɗaya, ya ce tunda ba shi da kuɗin mai kyau, gara yaro ya zauna a shago, yarinya ta ɗauki farantin talla. A ɗaya gefen akwai wanda ya kai ɗansa makarantar gwamnatin, ya juya baya shekara shida bai leƙa ba, sai ranar da yaro ya gama aji shida aka miƙa masa takardar asibiti ya karanta, ya tsaya yana kallonta. Waɗannan iyaye uku kuskure ɗaya suka yi: sun yanke hukunci a kan makaranta ba tare da sun auna ta ba.

Matsayinmu a wannan shafi shi ne cewa faɗin ingancin makaranta shaida ce, shaida kuwa ba ta halatta sai da sani. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne abin da yaro ya iya bayan ya zauna a cikinta. Kuma duk wanda ya ɗauki mudu zai auna makarantar unguwarsu, ya san cewa shi ma yana cikin abin da ake aunawa.

Ma'aunan da suke ruɗarmu

Abu na farko da ido yake kamawa shi ne gini. Katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, allon suna da aka rubuta da Turanci mai ƙawa, da yara cikin kayan makaranta masu guga. Babu wanda zai ce gini ba shi da amfani, domin ajin da iska ta yaye wa rufi ba ya zaunuwa da damina. Sai dai gini kwangila ce, ana iya kammala shi cikin wata uku, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, alhali babu wani yaro da ya ƙaru da baƙi ɗaya. Mun ga makarantun da aka yi wa sabon fenti har sau biyu, ajin kuwa babu malami a ciki.

Na biyu shi ne Turancin baka. Yaro ya dawo gida yana rera gaisuwar safe da waƙoƙin Turanci, uwa ta ji daɗi ta ce makarantar nan ana karatu. Wannan sau da yawa karatun aku ne: malami ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, har abin ya zauna a baki ba tare da ya ratsa ƙwaƙwalwa ba. Idan aka rubuta wa yaron kalma ɗaya daga cikin waƙar a takarda, ba zai gane ta ba.

Na uku shi ne takardar sakamako. "Ya zo na ɗaya" magana ce mai daɗin ji, amma na ɗaya a cikin su wa, kuma a kan wace jarrabawa? Makarantar da take tsoron kada uba ya cire ɗansa tana da dalilin cika takarda da maki masu kyau. Makarantar gwamnati kuma tana ciyar da yaro gaba daga aji zuwa aji ko ya iya ko bai iya ba. Saboda haka zama ɗan aji biyar ba ya nufin komai sai cewa yaro ya shekara biyar yana sa kayan makaranta.

Na huɗu shi ne ji-ta-ji-ta, kuma shi ya fi haɗari ga addinin mai magana. Suratul Hujurati ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, domin kada a cuci mutane bisa jahilci a dawo ana nadama. Wanda ya ce malaman makaranta kaza duk ba sa zuwa aiki, alhali bai je ya gani ba, ya ci naman mutanen da wataƙila a cikinsu akwai mai fitowa tun da sassafe da ɗan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Wanda kuma ya yabi makarantar da bai sani ba har maƙwabcinsa ya kai 'ya'yansa suka yi asarar shekaru, shi ma ya ba da shawarar da ba ta gaskiya ba, alhali wanda aka nemi shawararsa amintacce ne a shari'a.

Abin da magabata suka auna

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Malaman sira sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta biyu bayan Hijira, fursunonin da suka iya rubutu amma ba su da dukiyar fansar kansu, Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam ya sanya fansarsu ta zama koyar da yara goma-goma daga cikin yaran Madina. A ruwayar da Ibn Sa'ad ya kawo, sai yaran sun ƙware sannan fansa take cika. Abin lura a nan shi ne inda aka ɗora ma'aunin: a kan hannun yaron, ya iya rubutu ko bai iya ba.

Bayan haka da kusan ƙarni biyu da rabi, a birnin Ƙairawan da ke ƙasar Tunisiya ta yau, Muhammad ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta Adabul Mu'allimin a kan hakkokin da suke kan malamin ƙananan yara. Shi ɗa ne ga Imam Sahnun mai Mudawwana, wato daga cikin gidan mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan. Daga abin da ya tattauna akwai wajabcin daidaita yara wajen koyarwa, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, da hana malami shagaltuwa da wata sabga a lokacin da ya kamata yana tare da yara, da hana shi aiken su bukatun kansa, da iyakance horo ta yadda ba zai wuce bulala uku ba sai da izinin uba, ba kuma a fuska ko a ka ba. Duk wanda ya san firamaren ƙauye ko ta unguwa zai ga cewa waɗannan su ne ainihin wuraren da ake samun matsala har gobe.

Mu ma a gidajenmu mun gaji wannan ma'auni. Babu uban da yake auna makarantar allo da kyan zauren da ake karatu a ciki. Da daddare yake kiran yaro ya ce ɗauko allonka ka biya mini. Idan ya biya daidai, ya san malam yana aiki. Idan wata biyu suka wuce allo bai wanku ba, ya san akwai magana. Abin mamaki shi ne da zarar an zo kan boko sai mu ajiye wannan hikima, mu koma kallon katanga.

Gani ya kori ji

A zangon da ya wuce, mu uku daga kwamitin masallacinmu muka yi sallama a wata ƙaramar firamare ta gwamnati da jama'ar unguwa suka daɗe da yi wa jana'iza da baki. Ɗakuna shida ne, ɗaya ba rufi, yaran aji ɗaya a kan tabarma. A aji biyu muka tarar da wata malama ta rubuta gaɓoɓi a allo, tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, har da na can baya, kowa ya zo ya nuna da yatsa ya haɗa kalma. Mun ba wasu daga cikinsu takardar da muka zo da ita daga gida, suka karanta, da tuntuɓe amma suka karanta. A aji biyar kuwa har muka bar makarantar ba mu ga malami ba, monita ne yake tsaye da tsumagiya yana rubuta sunayen masu surutu. A makaranta ɗaya, a safiya ɗaya, mun ga abin yabo mun ga abin kuka. Da mun tsaya a kan maganar bakin masallaci, da mun zalunci malamar nan. Da kuma mun tsaya a ajinta kaɗai, da mun yaudari iyayen 'yan aji biyar.

Daga irin wannan ziyara muka fahimci cewa abubuwan dubawa ba su da yawa, kuma ba sa bukatar digiri.

Farkonsu lokaci. A je makaranta ba tare da an sanar ba, da ladabi, a fara da ofishin shugaban makaranta, a nemi izini. A je da ƙarfe takwas na safe wata rana, a koma bayan an dawo daga tara wata ranar, a kuma gwada ranar kasuwa. Tambayar ɗaya ce: a cikin azuzuwan nan, nawa ne malami yake ciki yana koyarwa a daidai wannan lokaci? Sa hannu a rajistar malamai daban, tsayuwa a gaban allo daban. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Ajin da yake rasa awa ɗaya kullum ya rasa awa biyar a mako, wato kusan yinin karatu guda. A zango mai mako goma sha uku ya rasa kwana goma sha uku, a shekara kuma kusan kwana arba'in. Ba a ganin wannan asara domin kaɗan-kaɗan take zuba, kamar buhun da ɓera ya huda.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar al'amarin, shi ne karatun yaro. Bankin Duniya tun daga shekarar 2019 yake auna talaucin ilimi a ƙasashe da tambaya guda: shin yaro mai shekara goma yana iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi ya kuma fahimce shi? Wannan gwaji kowane gida zai iya yin sa. A rubuta jimla huɗu ko biyar da Hausa a kan abin da yaro ya sani, kamar zuwa rijiya ko ranar Sallah, waɗanda ba daga littafin makaranta aka ɗauko su ba, domin kada hadda ta rufe gaskiya. A ba ɗan aji uku ko huɗu ya karanta, sannan a karɓe takardar a tambaye shi abin da ta ce. Ɗan aji ɗaya da na biyu a nuna masa baƙaƙe da wasula a barbaje, ba bisa jerin da ya haddace ba. A lissafi, a ce masa an aike ka da naira 500 ka sayo abu na naira 370, nawa ne canji, kuma ya rubuta yadda ya samo shi. Uban da bai yi boko ba ya nemi ɗalibin sakandare a maƙwabta ya taya shi. Kuma kada a gwada yaro ɗaya a yanke hukunci, domin akwai mai kaifin ƙwaƙwalwa da zai koya ko a ina, akwai kuma wanda ke da matsalar ido ko kunne da ba a gano ba. Idan gidaje goma suka yi wannan gwaji suka haɗa abin da suka gani, sun san makarantarsu fiye da duk wani rahoton da za a rubuta a ofis.

Na uku shi ne littafin rubutun yaro, wanda shaida ne da ba ya ƙarya. A buɗe shi a duba kwanan wata: aikin yana bin juna, ko akwai makonnin da babu komai? Akwai jan biron malami? Idan yaro ya yi kuskure an gyara masa, ko dai alamar daidai aka ja a kan komai? Shin duk abin da ke ciki kwafe ne daga allo, ko akwai inda yaron ya haɗa jimla da kansa?

Na huɗu shi ne yadda ake mu'amala da yara. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa zuciya, ta jawo masa kasala, ta koya masa ƙarya da yaudara domin tsira daga duka. Ajin da yake tsit saboda tsoro ba lallai ne ana koyo a cikinsa ba. A lura ko yara suna iya ɗaga hannu su yi tambaya, ko malami ya san sunayensu, ko 'yan benci na gaba kaɗai ake kula da su. A tambayi yaro a gida ko ana aiken su ɗiban ruwa ko gonar wani a lokacin karatu. A kuma lura da harshen malami, domin yaron da ake zagin iyayensa a aji zai fito da wannan tarbiyya ko da ya iya karatu.

Na biyar shi ne ruwa da makewayi. Mutane suna ɗaukar wannan ƙaramin abu, alhali shi ne yake korar 'yan mata da yawa daga aji biyar da shida, lokacin da suka fara girma suna bukatar sutura. A kwatanta yawan 'yan mata a rajistar aji ɗaya da ta aji shida. Idan an fara da yawa an ƙare da 'yan ƙalilan, a nemi dalili. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka a Nurul Albab ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya kai ga matan karkara. Al'ummar da ta gaji wannan ba ta da hujjar kiran makaranta mai kyau alhali 'ya'yanta mata suna zubewa a hanya.

Na ƙarshe shi ne shugaban makaranta. Wanda yake aiki ba ya tsoron baƙo. Zai buɗe rajista, ya faɗi yawan malamansa da waɗanda ba su zo ba yau, ya faɗi abin da aka karɓa daga iyaye da inda aka kashe shi. Wanda ya fara kame-kame tun daga tambayar farko, ya riga ya ba da amsa.

Adalci ga wanda ake aunawa

Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Wannan ya shafi malamin da yake karɓar albashi cikakke ya ba da rabin lokaci, kuma ba za mu ɓoye masa ba: abin da ya karɓa a kan awannin da bai yi aiki ba, ba tare da uzuri ba, akwai tambaya a kansa ranar gobe. Amma ya shafi gwamnatin da take neman aiki cikakke tana jinkirta albashi da ƙarin girma, ya kuma shafi uban da yake neman sakamako cikakke alhali ɗansa ba ya zuwa ranar kasuwa, ba ya zuwa lokacin shuka da girbi, kuma yana isa aji da yunwa babu ko fensir. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dole ne mai aunawa ya san abin da doka ta yi alkawari, domin ya san wanda zai tuhuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta ilimin shekara tara kyauta ga kowane yaro a Najeriya, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta samun kason ayyukanta sai ta ajiye nata daidai da shi, kuma an sha samun jihohin da suka bar kuɗinsu ya yi shekaru a ajiye saboda ba su kawo nasu ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE. Malamin da aka tara wa yara fiye da ɗari a ɗaki ɗaya, ko aka haɗa masa aji biyu saboda ƙarancin ma'aikata, ba a auna shi da mudun wanda yake da talatin. Rufin da ya yaye da ƙarancin malamai suna wuyan hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Zuwa aji a kan lokaci da duba littafin yara kuwa suna wuyan malami da shugabansa.

Takardar shaida ma ba ta isa hujja ita kaɗai ba. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, ta kuma bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka gudanar da jarrabawar da korar da ta biyo baya, kuma ƙungiyar malamai ta yi adawa da ita. Duk ɓangaren da mutum ya tsaya, darasin da ya rage shi ne cewa abin da malami ya iya a gaban allo shi ne abin dubawa.

Wani ɓangare na adalci shi ne duba inda yaro ya taso. Makarantar da take karɓar 'ya'yan ma'aikata waɗanda suka yi rainon yara na shekara uku, ga littattafai a gida, ga mai koyarwa da yamma, ba abin mamaki ba ne idan yaranta sun yi fice. Ƙaramar makarantar da ta karɓi yaron da bai taɓa riƙe fensir ba, iyayensa ba su yi boko ba, ta kai shi ga karanta wasiƙa a aji uku, ta yi aikin da ya fi na waccan nauyi. Saboda haka gwajin da muka ambata a yi shi a farkon shekara, a sake shi a ƙarshenta. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce aikin makaranta.

Ƙanƙantar makaranta kuma ba aibi ba ce a kan kanta. A makaranta mai malamai bakwai, shugaba ya san kowane yaro da gidansu, kuma idan yaro ya yi kwana uku bai zo ba ana ganewa. Rauninta shi ne cewa malami ɗaya idan ya yi rashin lafiya ko aka yi masa canjin wurin aiki, aji guda ya tsaya cak. Wannan yana nufin ingancinta yana iya sauyawa cikin shekara ɗaya, don haka hukuncin da aka yanke mata shekara biyar da suka wuce, na yabo ne ko na suka, ya tsufa.

Bayan an auna, sai me?

Za a ce mana: idan na gano makarantar ba ta da kyau, ai sai in cire ɗana. Wannan hakkin uba ne, kuma wani lokacin shi ne daidai, domin shekarun yaro ba sa jiran gyaran hukuma. Sharaɗi kawai shi ne ya auna inda zai kai shi da mudun da ya auna inda ya baro, kada ya biya kuɗi ya sayi fenti. Amma mu sani cewa mafi yawan yaran unguwa ba su da inda za su je. Maraya yana nan, ɗan mai gadi yana nan, ɗan mai tura ruwa yana nan. Idan duk masu faɗa a ji suka kwashe 'ya'yansu suka juya baya, makarantar ta rasa masu yi mata magana, kuma yaran da aka bari a cikinta su ne za su zama maƙwabtan 'ya'yanmu, da surukansu, da masu bin su sallah ko masu ja musu. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Kowace firamare da aka bari ta lalace tana ƙara wa wannan adadi.

Akwai ƙofar da tsari ya buɗe wadda yawancinmu ba mu shiga. Kowace firamaren gwamnati ana son ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, kuma a cikinsa akwai gurbin mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a. A wurare da yawa sunaye ne kawai a takarda. Raya shi ba ya bukatar kasafin kuɗi. Mutum biyu su riƙa leƙawa kowane mako bisa karɓa-karɓa. A rubuta abin da aka gani da kwanan wata. Idan akwai gyara, a fara da shugaban makaranta a keɓe, domin nasiha a bainar jama'a tozartawa ce. Idan abin ya fi ƙarfinsa, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, da sa hannun mutanen unguwa, a kuma koma a bi sawu. Takardar da ta ce aji biyar ya yi kwana goma sha biyu babu malami a watan jiya ta fi ƙarfin ƙorafin shekara goma a majalisar shayi.

Kada kuma a manta da yabo. Malamar da muka gani a aji biyu ta shekara da shekaru tana wannan aiki, kuma ta shaida mana cewa ba a taɓa samun wani uba ya zo ya ce mata sannu ba. Addininmu ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Ambaton irin waɗannan malamai da alheri a taron iyaye, ko yi musu addu'a a masallaci, yana riƙe mai ƙoƙari a kan ƙoƙarinsa, yana kuma sa mai sakaci ya ji kunya.

Ga 'yan'uwanmu limamai da masu wa'azi, wannan aiki yana cikin huruminmu. Muna yi wa mutane bayanin tauye mudu a kasuwar hatsi, ya kamata mu yi bayaninsa a kan awannin aji, mu kuma gaya wa iyaye cewa tura yaro talla a lokacin makaranta tauye hakkinsa ne. Ga ɗalibanmu na sakandare da manyan makarantu, ku ne idon gidajen da ba su yi boko ba. Awa ɗaya bayan La'asar da ɗayanku zai zauna da ƙannensa da yaran maƙwabta yana haɗa musu baƙi da wasali sadaka ce mai gudana. Ga iyaye mata kuma, ku ne kuke fara ganin jakar yaro idan ya dawo, ku buɗe ta.

Abin da muke roƙon kowane gida a wannan mako ƙarami ne. A daren yau, bayan yaro ya biya allonsa, a miƙa masa jimla biyar da Hausa ya karanta. Kafin Juma'a mai zuwa, a taka a je makarantarsu da safe, a yi sallama, a gani da ido. Sannan idan wani ya sake tambaya a ƙofar masallaci ko firamaren bayan kasuwa tana da kyau, a samu wanda zai amsa masa da abin da ya sani.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malaman da suke riƙe amana da alheri, Ya kuma ba mu ikon yin adalci a cikin abin da muke faɗa.